Tsohuwar Land Cruiser mai injin 1HZ: abin da mai mota zai sani kafin gyara da sayen kaya

A hanyoyin da kwalta ba ta kai ba, daga Dakwaro zuwa Tanut, daga Cintabaradan zuwa Ingal, ko daga Agadas zuwa Dirku, tsohuwar katkat ɗin Toyota Land Cruiser ce ke ɗauke da mutane, hatsi, awaki da marasa lafiya. Da yawa daga cikinsu sun haura shekara 25 suna aiki. Injinsu ba kasafai tsufa ke kashe shi ba. Zafi, ƙura, gurɓataccen gazuwal da kayan gyara na jabu su ne ke kai shi ƙasa, kuma dukansu abubuwa ne da mai mota zai iya tsarewa da kuɗi kaɗan, idan aka kwatanta da kuɗin sauke inji.

Fara da sanin lambar motarka

Toyota ta fito da jerin Land Cruiser 70 a 1984. Na farko-farko masu shan gazuwal sun zo da injin 3B mai silinda 4 ko 2H mai silinda 6. A 1990 aka kawo 1HZ, mai silinda 6 a jere, girmansa lita 4,2, ƙarfinsa kusan doki 130, ba shi da turbo. Shi ne a cikin HZJ75, HZJ78 da HZJ79, haka nan a cikin HZJ80, HZJ105 da wasu motocin bas na Coaster.

Lambar tana rubuce a kan ƙaramin farantin ƙarfe a ɗakin inji. Haruffan farko suna nuna injin: HJ na nufin dangin H, kamar 2H, BJ dangin B, HZJ kuwa 1HZ, HDJ shi ne mai turbo, FZJ mai shan esansi ne. A 1999 an yi babban canji: HZJ78 da HZJ79 suka maye gurbin HZJ75, aka cire lam na gaba aka sa murɗaɗɗen ƙarfe, ƙusoshin taya suka koma 5 maimakon 6, akwatin giya ma ya canza. Don haka cewa mai shago "ba ni na Land Cruiser" bai isa ba. Ka rubuta lambar samfurin da lambar shasi a takarda ko a wayarka, ka kuma duba ko wutar motar bolt 12 ce ko 24. Tsohuwar mota tana iya ɗauke da injin da ba nata na asali ba, saboda haka a duba lambar da ke jikin injin kansa.

Kurwar distiribisiyo

Injin 2H da 3B haƙoran ƙarfe ne ke juya sandar da ke buɗe supap. A 1HZ kuwa ɗamarar roba ce mai haƙora, wadda makanikai ke kira kurwar distiribisiyo. Idan ta tsinke inji na tafiya, piston yakan daki supap, a wayi gari ana maganar sauke kan inji gaba ɗaya.

A injinan farko ana canza ta duk kilomita 100.000, a na baya-baya 150.000. Akwai fitila mai rubutun T-BELT a gaban direba da ke tunatarwa, amma kilomita take ƙirgawa, ba lafiyar robar take gani ba. Idan agogon kilomita ya mutu, ko an taɓa mayar da shi baya, fitilar ba abin dogaro ba ce. Wanda ya sayi mota ta hannu bai san tarihinta ba, ya canza kurwar kafin tafiyar farko. A canza ta tare da abin da ke ɗaure ta da ƴar tayar da take bi. Kurwar injinan farko da ta na baya ba iri ɗaya ba ce, yawan haƙoransu ya bambanta, don haka a ƙirga haƙoran tsohuwar a gwada da sabuwar. Bayan aiki a rubuta kwanan wata da kilomita a jikin murfin da fenti.

Tazarar supap ma tana buƙatar dubawa. Idan inji ya yi sanyi, ta shigar iska milimita 0,15 zuwa 0,25 ce, ta fitar hayaƙi 0,35 zuwa 0,45. A 1HZ ba da kusa ake daidaita ta ba, da ƴan faya-fayan ƙarfe ne masu kauri daban-daban, saboda haka a nemi makaniken da ke da su.

Zafi

A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40, ga lodi, ga rairayi. Kan injin 1HZ, wato kulas, yana da ƙananan ɗakunan ƙonewa a cikinsa, kuma tafasa ɗaya mai tsanani tana iya ƙona juwan kulas ko ta tsaga kulas ɗin.

Abu na farko shi ne ruwan da ake zubawa a radiyata, wadda a ƙetaren iyaka ake ce wa lagireto. Ruwan rijiya yana barin farin dutse da tsatsa a cikin ƙananan bututunta har su toshe. A yi amfani da ruwan sanyaya inji na galan, ko a gauraya mai kaurinsa da tataccen ruwa irin na batir. Daga waje kuma ƙaiƙayi, ƙarangiya da ƙwari suna cika tsakanin fikafikanta. A hura su daga ɓangaren inji zuwa gaba.

Na biyu, al'adar cire kalorsta, ƙaramin bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗumama. Ana cire shi da sunan ƙasarmu na da zafi. Cire shi ba ya warkar da toshewar radiyata, sai dai ya ɓoye ciwon, ya kuma bar inji yana aiki da sanyi da asubahin hunturu, abin da ke cinye silinda. Idan ya lalace a sa sabo.

Na uku, fanka. Tana manne da wani kasko mai ɗauke da mai kauri wanda ke kama ta idan zafi ya tashi. Idan man ya tsiyaye, fanka tana juyawa amma ba ta jan iska. Alamarsa: mota tana lafiya a kan kwalta, amma da an shiga rairayi ko hawa sai allura ta tashi. Murfin radiyata da ya saki da tsofaffin tiyo su ma suna cikin masu laifi, kuma ba su da tsada.

Idan allura ta haura, a tsaya. Kada a buɗe murfin radiyata da zafi, kada kuma a kwara ruwan sanyi a inji mai tafasa. Idan ruwan ya zube gaba ɗaya, allurar tana iya ƙin nuna komai, don haka duba ruwa kowace safiya ya zama ɗabi'a.

Ƙura da baƙin mai

Ƙurar da ta wuce matatar iska tana aiki a cikin silinda kamar takardar goge katako. A ƙasan gidan matatar akwai ɗan kofin da ke tara ƙura. A zazzage shi kullum a lokacin hazo. Matatar kanta a hura ta daga ciki zuwa waje da iska marar ƙarfi sosai. Buga ta da dutse ko taya yana yaga takardar. A haska tocila a cikinta: idan haske ya fito ta wata ɓula, ta gama aiki. A duba tiyon da ke tsakanin matata da inji, domin ƙaramar tsaga a nan ta isa ta ɓata komai.

Injin yana shan baƙin mai kusan lita 10. Mai lamba 15W-40 na injin gazuwal ya dace da yanayinmu. A yi bidanj duk kilomita 5.000, a irin hanyoyinmu kuma a canza matatar mai tare. Man da aka auno daga buɗaɗɗen duro a bakin hanya ba a san asalinsa ba. Galan mai hatimi ya fi aminci. Zuba mai kauri sosai don ɓoye hayaƙi ko ƙarar inji jinkirta gyara ne kawai.

Gazuwal

Famfon gazuwal na 1HZ gazuwal ɗin kansa ne ke shafe cikinsa. Shi ya sa ruwa, yashi ko kananzir da aka gauraya suke cinye shi da sauri fiye da famfon 2H, wanda man inji ke shafewa. Tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ke fitar da gazuwal a ƙasar nan, amma a ƙauyuka da hanyoyin hamada da yawa sai daga duro da jarka ake samu. Idan ya zama dole, a bar jarkar ta kwanta, a tace da kyalle mai tsabta, kada a juye na ƙasan.

Matatar gazuwal tana da wurin tara ruwa a gindinta, da fitilar gargaɗi a gaban direba. Idan ta kama, a kwance ƴar kusar ƙasa a tsiyaye ruwan, sannan a danna famfon hannu da ke saman matatar har ya yi tauri. Haka ake yi bayan canza matata ko idan mai ya ƙare a hanya. Gyaran famfo da anjektar kuwa aikin mai injin gwaji ne, ba na gindin bishiya ba. Murɗa kusar famfo don ƙara ƙarfi yana ƙara zafi ne da baƙin hayaƙi. Haka ɗora turbo a kan tsohon 1HZ: piston ɗinsa ba irin na 1HD ba ne, yana iya tsagewa.

Hayaƙi yana ba da labari. Baƙi: iska ta yi kaɗan ko mai ya yi yawa, a fara da matatar iska kafin anjektar. Shuɗi: inji na ƙona baƙin mai, zobban piston ko robobin supap sun gaji. Fari da safe wanda ke ɓacewa: bujin ɗumama inji sun mutu. Fari da ba ya ɗaukewa, ga ruwan radiyata na raguwa: a tuhumi juwan kulas. Injin da ya ƙi tashi kada a shaƙa masa tsumma mai esansi, hakan na fasa kulas da piston.

Ƙafafu da katkat

Jerin 70 ba shi da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya. Tafiya da H4 ko L4 a kan busasshiyar kwalta tana murɗe ƙarafan har wani ya karye. Da an hau kwalta a koma H2, a mayar da makullan tayoyin gaba kan FREE. Sau ɗaya a wata a kulle su a yi ƴar tafiya don mai ya zagaya.

Idan aka ga baƙin ruwan giris yana zuba a bayan tayar gaba, robar da ke tsare man pon ta mutu, mai ya gauraya da giris. A gyara da wuri kafin rulma da haɗin da ke juya tayar su lalace. Bayan tsallake kwari a damina a duba man pon: idan ya koma kamar madara, ruwa ya shiga. Lodin da ya wuce kima kuwa lam yake karyawa, ya tsaga shasi, ya kuma tsawaita birki.

A rairayi ana rage iskar taya, a mayar da ita kafin gudu a kan kwalta. Tsofaffin jant masu zoben ƙarfe suna da haɗari wajen hura iska: idan zoben bai zauna ba yakan yi tsalle ya hallaka mutum. Kada kowa ya tsaya a gabansa.

Sayen kayan gyara

Kaya iri huɗu ne a kasuwa. Akwai na Toyota na asali, wanda ake samu wurin wakilinta CFAO a Yamai da wasu amintattun ƴan kasuwa. Akwai na kamfanonin da ke ƙera wa Toyota kaya, da sunansu a kwali: Denso na famfo, anjektar da kayan wuta, Aisin na famfon ruwa da ambiriyaj, Koyo da NSK na rulma. Akwai okaziyo, da aka ciro daga wata mota. Sannan akwai jabu, mai kwalin da ya yi kama da na asali. Ko a Yamai, Maraɗi da Damagaram ne, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, duka huɗun suna iya zama a layi ɗaya.

Araha ba ta ado a kan abubuwa biyar: kurwar distiribisiyo, juwan kulas, matatu, rulma da kayan birki. Waɗannan a saye su sababbi, na ƙwarai. Ƙofa, fitila, kujera, akwatin giya ko pon, okaziyo mai kyau yakan fi sabon jabu. Kulas na okaziyo kuwa kada a biya sai an gwada shi an ga ba tsaga.

Ka je da tsohon kayan ka gwada da sabon: nauyi, tsawo, ramukan kusa. Rubutun da ya dushe ko ya karkace a kwali, da farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa, alamu ne. Ka nemi rasit da sharaɗin mayarwa, bayan gyara kuma ka karɓi tsohon kayan daga hannun makanike.

Kafin shiga daji

A ɗauki matatar gazuwal biyu, kurwar fanka, tiyon radiyata na sama da na ƙasa, baƙin mai, man birki, fis-fis, waya da filaya, tayar safaya biyu da famfon iska, jak da katakon ɗora shi, shebur, da ruwa mai yawa na mutane da na inji. A sanar da wani hanyar da za a bi da ranar da ake sa ran isa, kuma a doguwar hanyar hamada kada mota ta tafi ita kaɗai. Ƙaramin littafi a cikin mota, inda ake rubuta ranar kowane gyara da kilomitansa, shi zai gaya wa makanike na gaba inda aka tsaya, ya kuma ƙara wa motar daraja ranar sayarwa.