Kuɗin Sarauta a Ƙonni da Adar: Jingina ko Cinikin Rawani?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya. Ya ji cewa a jihohin Amurka da dama, shugaban ƴan sandan gunduma ba ya kama aiki sai ya kawo kamfanin da zai tsaya masa da dukiya, domin in ya ci amana a biya wanda ya cuta. Shin ƙasar Ƙonni da Adar ta taɓa sanin irin wannan lamuni?

Masu cewa ta sani suna kafa hujja da kuɗin sarauta. A faɗarsu, mai neman rawani a fadar Sarkin Ƙonni ko ta Sarkin Adar a Ilela yakan kai dawaki da riguna da wuri, kuma wanda ya zuba dukiya haka zai yi kaffa-kaffa kada a tuɓe shi ta salwanta. Hujjar tana da daɗin ji, amma ba ta tsayawa. Jingina abu ne da ake ajiyewa, a mayar wa mai shi in ya sauke amana, a miƙa wa wanda aka zalunta in ya ci ta. Dokin da ya shiga bargar sarki kuwa ya shiga ke nan. Manomin da dogari ya kwashe wa damman gero bai taɓa ganin ko wuri ɗaya daga wannan dukiya ba. Hasali ma daga rumbunsa sabon mai sarauta yake fanshe abin da ya kashe. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa gaisuwa cikin al'adun mulkin zalunci a Kitabul Farƙi, kuma da tana kare talaka da bai sa ta a wannan sahu ba. Lamunin da aka sani shi ne na mutum: dogari baran sarki ne, in ya yi ɓarna wurin ubangidansa ake kai kuka, in an samu hanyar shiga.

Wani zai ce ai Faransawa sun gyara wannan. Sun zo da jinginar kuɗi, gaskiya ne, sai dai a duba wanda suka ɗora wa ita. Mulkin da ya gabatar da kansa ga Birnin Ƙonni da gobarar da hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine suka cinna a watan Mayu 1899 ya tsara kuɗin ƙasashen da ya mallaka da dokar 30 ga Disamba 1912, kuma babban ma'aji ne ake nema ya ajiye jingina, saboda baitulmalin gwamnati ake karewa. Gardin da ke bin ƙauyuka da bulala yana tara lanho da ƴan aikin tilas, babu wanda ya nemi sisinsa. Kumandan da kansa yana iya kulle mutum na kwanaki ba tare da alƙali ba, har zuwa 1946 da aka soke dokar da ta ba shi wannan iko.

Bayan ƴancin kai a 1960 an gaji tsarin yadda yake. Har yau ma'ajin gwamnati a Ƙonni ko Malbaza sai ya yi rantsuwa ya ba da jingina, jandarma kuwa rantsuwa ce ta ishe shi, hukuma ce ke ɗaukar nauyin kuskurensa a takarda. Amsar mai tambaya ke nan: an san jingina a ƙasar nan, amma tun farko asusun mai mulki aka yi ta domin ta tsare, kuma wanda jami'i ya cuta har yanzu sai ya bi gwamnati kotu kafin ya ga diyya.