Friday the 13th Part 2

Friday the 13th Part 2 fim ne na ban tsoro na ƙasar Amurka wanda kamfanin Paramount Pictures ya saki a shekarar 1981. Steve Miner ne ya ba da umarni, kuma shi ne fim na farko da ya jagoranta, Ron Kurz ya rubuta labarin, Harry Manfredini ya tsara kiɗan. Ci gaba ne na Friday the 13th na Sean S. Cunningham da ya fito a 1980. Yana cikin nau'in finafinan da ake kira slasher, wato waɗanda makashi ke bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana hallaka su da wuƙa, adda ko gatari. A wannan fim ne Jason Voorhees ya fara bayyana a matsayin makashi.

Labari

A fim na farko, mai kisan ita ce Pamela Voorhees, wadda ke ramuwar gayya saboda ɗanta Jason ya nutse a tafkin Crystal Lake sakamakon sakacin masu kula da yara. Alice Hardy ce kaɗai ta tsira, bayan ta fille wa Pamela kai. Fim na biyu ya buɗe da kashe Alice a cikin gidanta, wata biyu da faruwar wancan lamari.

Bayan shekara biyar, Paul Holt ya buɗe sansanin horar da masu kula da yara a bakin tafkin. Ya ba matasan labarin Jason a matsayin tatsuniya, ashe Jason na raye a wata bukka cikin daji, inda ya adana kan mahaifiyarsa. Ya riƙa kashe su yana sanye da buhu a kansa mai hudar ido ɗaya. Ginny Field, ɗalibar ilimin halayyar yara, ta sa rigar sanyin Pamela ta yi masa magana da muryar uwa, har ta samu damar sarar sa da adda a kafaɗa. Fim ɗin ya ƙare ba tare da an nuna makomar Paul ba.

'Yan wasa da shiryawa

Amy Steel ce ta fito a matsayin Ginny, John Furey a matsayin Paul, sai Adrienne King da Betsy Palmer da suka dawo na ɗan lokaci a matsayin Alice da Pamela. Sunan Warrington Gillette aka rubuta a matsayin Jason, amma yawancin wuraren da ya sa buhu Steve Daskewisz ne ya yi su. An ɗauki fim ɗin a jihar Connecticut.

Dawo da Jason bai yi wa kowa daɗi ba, domin tushen fim na farko shi ne yaron ya mutu. Tom Savini, wanda ya tsara kwalliyar raunuka da jini a fim na farko, ya ƙi dawowa ya tafi aikin The Burning, aka ɗauki Carl Fullerton a madadinsa. Hukumar tace finafinai ta Amurka, MPAA, ta sa an yanke wasu wuraren kisa kafin a saki fim ɗin. Daga cikinsu akwai inda aka soke mutum biyu da mashi ɗaya, wanda masu sharhi ke kwatantawa da wani wuri a A Bay of Blood na Mario Bava, ɗan Italiya, na 1971.

Karɓuwa

An kashe kimanin dala miliyan 1.25 wajen shirya shi, ya samo sama da dala miliyan 21 a Amurka. Kuɗin bai kai na fim na farko ba, wanda ya kusa dala miliyan 40, amma ribar ta isa a ci gaba. Masu sharhi, ciki har da Roger Ebert, sun kushe shi.

Tasiri

Babban abin da fim ɗin ya sauya shi ne matsayin makashi. A na farko an ɓoye mai kisan sai a ƙarshe. Daga na biyu kuwa, makashin ne ke dawowa, matasan da ake kashewa su ne ake sauyawa, mai kallo kuma ya san wanda ya zo gani. Wannan tsari ya sauƙaƙa yin ci gaba da 'yan wasa marasa tsada. Halloween II ya fito a watan Oktoba na 1981, daga baya jerin A Nightmare on Elm Street da ya fara a 1984 ya ginu a kan Freddy Krueger.

Abin rufe fuska na mai tsaron gida a wasan hokin ƙanƙara, wanda aka fi sanin Jason da shi, babu shi a wannan fim. Sai a Part III na 1982, wanda shi ma Miner ya jagoranta, ya sa shi. Duk da haka sunan Jason ya shafe na mahaifiyarsa, har Scream na Wes Craven na 1996 ya buɗe da tambaya kan wanda ya yi kisa a fim na farko, yarinyar ta ce Jason, ta faɗi.

Ana yawan kawo Ginny a matsayin misalin budurwar da ke saura ta fuskanci makashi, siffar da malama Carol J. Clover ta yi nazari a littafinta Men, Women, and Chain Saws na 1992, saboda da dabara ta tsira ba da ƙarfi ba. Jerin ya kai finafinai 12, har da Freddy vs. Jason na 2003 da sabon zubi na 2009. Miner kuma ya jagoranci Halloween H20 a 1998.