Waiwaye: Daga Riƙe Numfashi Zuwa Na'urar Maimaita Iska

Duk damina, idan Kogin Kaduna ya cika ya batse, mu mazauna Kamazou da sauran unguwannin ƙetaren gada mun san wanda ake nema in ruwa ya ci mutum: masunci ne ko mai ɗibar yashi, wanda zai cika ƙirjinsa da iska ya nutse. Haka kakanninmu suka san nutso, tun daga 'yan su na Argungu. Jarinsu ƙirji ne da sanin halin ruwa.

A Ingila aka kwance ƙullin ƙarewar numfashi a ƙarƙashin ruwa. A 1878 Henry Fleuss ya ƙera wata jaka da mai nutso ke shaƙar iska daga cikinta, yana mayar da numfashinsa ciki. Zaren igiya da aka jiƙa da sinadari mai kama da ruwan toka shi ke tsotse gurɓatacciyar iskar da huhu ya fitar, tukunyar tagulla kuma tana ƙara oksijin. Numfashi ɗaya ne ake wankewa ana sake shaƙa. A 1880 wani mai nutso, Alexander Lambert, ya goya ta, ya ratsa ramin jirgin ƙasa na Severn da ruwa ya cika, cikin duhu, ya rufe ƙofar ruwan. Abin mamaki, kwanaki kaɗan kafin nan bai taɓa ganin na'urar ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗaga darajarta, don ba ta fitar da kumfa balle a gane mutum. Da ita sojojin Italiya suka sulale tashar Iskandariya a Disamban 1941, suka lalata manyan jiragen yaƙin Ingila biyu. A shekarun nan ne kuma aka ƙara tabbatarwa, bayan an yi asarar rayuka, cewa zallar oksijin guba ce a zurfi: takan jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Shi ya sa yau ba a wuce mita 6 da ita.

Tukunyar Cousteau da Gagnan ta 1943, mai zubar da numfashi cikin ruwa, ta fi sauƙi, sai jama'a suka koma mata. Jakar Fleuss ta sake farfaɗowa a 1968, lokacin da Walter Starck ya sa mata ma'aunin lantarki mai lura da oksijin, sannan wata na'ura mai suna Inspiration ta 1997 ta kai ta hannun 'yan kasuwa da masu sha'awa.

A ganina, nan ne haɗarin ya sauya gida. Mai riƙe numfashi ƙirjinsa na gaya masa lokacin fitowa. Mai wannan na'ura kuwa, in oksijin ya yi ƙasa, sumewa yake yi ba tare da ya ji komai ba. Daga nan ƙa'idojin yau suka samo asali: ma'auni uku maimakon ɗaya, bin takardar dubawa layi-layi, shaƙar na'urar na minti biyar a tudu, sauya sinadarin tacewa kan lokaci, da tukunyar ko-ta-kwana a gefe.

Masu nutsonmu na bakin kogi ba wannan na'ura mai tsada suke buƙata ba tukuna. Muna roƙon hukumomin agaji na Jihar Kaduna su fara da ba su horo, igiyar tsaro da rigar ruwa kafin damina mai zuwa.