Tarihin Kafuwar FOMWAN da Amanar 'Yan Mata a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

A watan Oktoba na shekarar 1985 Miladiyya, lokacin da Funtuwa da Malumfashi ke ƙarƙashin tsohuwar Jihar Kaduna, wakilan ƙungiyoyin mata Musulmi suka hallara a Minna, inda bayan shawara da musayar ra'ayi suka ƙulla tarayyar da aka sani da FOMWAN, suka kuma naɗa Hajiya Aisha Lemu, Allah ya jiƙanta, ta zama Amira ta farko. Maƙasudinsu shi ne ilimi, da da'awa, da hidimar al'umma, domin sun lura cewa matan da Allah ya hore wa karatu suna warwatse, alhali ƙannensu da 'ya'yansu na tasowa ba mai kama hannunsu.

Wannan himma kuwa tana da asali a ƙasar Hausa, gama Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta riga ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jaji, wato shugabar rukunin mata, bayan an naɗa mata malfa, takan jagoranci dattijai mata da ƙananan 'yan mata daga ƙauyuka zuwa ɗaukar karatu, su komo gida suna koyar da tsarki da salla, suna kula da marasa lafiya, suna sulhunta masu husuma.

Sannu a hankali tarayyar ta yaɗu har ta samu rassa a jihohi 36 da Abuja, ciki har da Jihar Katsina da aka ƙirƙira a 1987. Ta buɗe makarantu, da azuzuwan yaƙi da jahilci, da asibitoci, da gidajen marayu, har matan Gana da Saliyo suka yi koyi da ita suka kafa irin tata.

To, a wannan yanki namu mai albarkar auduga da masara da dawa, inda budurwa kan wayi gari da farantin talla a kanta, da kaka kuma ta yini tsinkar auduga, babu abin da ya fi cancanta da a ɗauka daga wannan tarihi kamar halƙar tarbiyya: malama guda ta tara 'yan matan unguwa kowane mako, ta bi musu karatunsu na boko da na Islamiyya, ta koya musu tsafta da sana'ar hannu, sa'an nan ta fita da su gaida marasa lafiya da taimakon marayu, domin su san daɗin hidima tun suna ƙanana.

Saboda haka muna kira ga malamai mata, da ma'aikatan jinya, da 'yan kasuwa na Funtuwa, Bakori, Ƙafur da Malumfashi, kowace ta ɗauki amanar 'yan matan unguwarta, iyaye maza kuma su ba da izini da goyon baya. Allah ya sa mu dace, amin.