Misin, Fizga da Shaƙewa: Sunayen Ciwon Tsohuwar Mota a Kan Hanya

Akwai ciwon da tsohuwar mota ke ɓoyewa a gaban bakanike. A gareji tana silo lafiya lau, a cikin gari tana tafiya sumul. Sai direba ya ɗauki fasinja daga Ƙaura Namoda ya miƙi hanyar Shinkafi ko ta Zurmi, ya sa giya ta biyar ya taka totur, sannan ta fara gardama. In ya dawo, kalma ɗaya yake kawowa: "Oga, motar ga misin take." Oga kuma ya ce wa yaronsa, "Kwance fulogi."

Misin daga Turanci ta zo, kuma asalinta abu ɗaya take nufi: silinda ta tsallake bugunta, man da ke ciki bai kama da wuta ba. Amma a bakin direbobinmu ta zama buhun da ake zuba kowace irin tangarɗa. Wannan ya dame ni, domin kalmomin da ta danne sun fi ta faɗin gaskiyar ciwon.

Ɗauki fizga, wadda wasu ke cewa jakin. Mota tana gudu, sai ka ji an fizge ta baya farat ɗaya an sake ta. Wannan galibi maganar wuta ce. Inji mai silinda 4 da ke juyi 800 a minti yana neman tartsatsi kusan 27 a daƙiƙa. In ya kai juyi 3,000, tartsatsi 100 yake nema a daƙiƙa, ga matsin iska a cikin silinda ya ƙaru saboda an buɗe totur, wutar kuwa sai ta fi ƙarfi kafin ta tsallake bakin fulogi. Kwayil da ya gaji, ko fulogin da bakinsa ya cinye ya buɗe, ko wayar fulogi da ta tsattsage, duk suna iya ɗaukar aikin silo su kasa na babbar hanya. Mai wayarin da ya san aikinsa yakan buɗe bonet da daddare ya ja totur. In waya na yoyon wuta, za ka ga shuɗin tartsatsi na tsalle zuwa jikin inji, kana jin ƙas-ƙas ɗinsa.

Shaƙewa daban take. Ba fizga, ƙarfi ne ke zubewa sannu a hankali. Ka ƙara taka totur ta ƙara nauyi, ka ɗaga ƙafa ta farfaɗo. A nan mai ne bai isa ba. Matatar mai da ta toshe tana barin ɗan abin da silo ke buƙata ya wuce, amma ba za ta ciyar da gudu ba. A Golf 3, wadda kamfanin Volkswagen ya fara fitarwa a 1991 kuma har yau take jigilar mutanen wannan yanki, famfon mai a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, direbobi da yawa lita kaɗan suke sha su kama hanya, tanki kullum a ƙasa, famfo yana zafi yana zuƙo dattin gindi. Ga kuma man galan na 'yan bumburutu, wanda ƙura ko ruwa kan shiga. Wanda ya canza fulogi saboda shaƙewa ya zubar da kuɗinsa.

Tari da harbi su ma ba ɗaya ba ne. Tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, in ta yi tari ta bakin kafireto, yawanci iska ta fi mai yawa ko taimin ya goce. Harbi ta salansa kuwa ɗanyen mai ne ya fita bai ƙone ba, ya je ya kama a bututu. A motocin injekta wannan ɗanyen man yana dafa abin tace hayaƙin nan da makanikai suka laƙaba wa suna indomi saboda ƙananan ramukansa. In indomin ta narke ta toshe, mota ba za ta ƙara ja a kan gudu ba ko an sa mata sabon komai, sai a koma ana zargin birinbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin.

Na'urar kwamfuta ma tana da nata sunayen. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna ba da lamba: P0300 misin ne a silinda barkatai, P0302 a silinda ta biyu. Lamba irin ta biyun tana nuna wurin, amma ba ta cewa kwayil ne ko nozul ko bawul da ya ƙone. Tsofaffin motoci da dama ma ba su da wannan tsarin, sai kunnen bakanike da bayanin direba.

Mutumin Jangeru da ya shiga mota zuwa Ƙaura ko Gusau ya san abin da ake nufi da mota ta mutu a tsakiyar daji a shekarun nan na 'yan bindiga. Shi ya sa nake ganin haƙƙi ne a kan bakanike ya tsananta tambaya kafin ya ɗauki sifana. "Malam, fizga take ko shaƙewa? Tun da sanyi, ko sai ta yi zafi? A hawa ko a miƙe? Mai nawa ke tanki sa'ad da ta fara? Ina ka sha man?" Bayan haka ya shiga motar su hau titi tare, su kai ta gudun da take yin abin, da kaya a but kamar yadda take aiki kullum.