Rai Uku a Shagon Bayan Layi

Kaset ɗin gem da na fara sani rawaya ne, an manna masa takarda mai cewa wasanni 9999 ne a ciki. Ƙarya ce tsagwaronta. In ka kunna, wasa biyar ko shida ne suke ta maimaita kansu da sabon suna, kuma duk cikinsu Mario kaɗai muke yi wa layi. Wani shago ne a bayan layinmu a Kano. Mai shagon ya ɗora ƙaramar talabijin a kan benci, da hannun gem guda biyu, ɗaya maɓallin tsallensa ya lotse, sai ka danna har babban yatsanka ya yi ja. Dokar wurin ɗaya ce: rai uku gare ka, in suka ƙare ka miƙa wa na bayanka. Shi ya sa ba mu taɓa ɗaukar mutuwar Mario da wasa ba. Kuɗin tara ne ya tafi, ga dariyar yara a kanka.

Sai da na girma na san cewa na'urar nan kwaikwayon Famicom ce, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, kuma Super Mario Bros. na 1985 ne, aikin Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne girmansa. Duk matakai 32 ɗin nan, da kiɗan, da kunkurun, da gimbiyar da kullum ake ce maka tana wata fadar, kilobayit 40 ne. Yawancin hotunan da ake turo maka a WhatsApp sun fi shi nauyi.

Wuyar da wasannin wancan zamani suke da ita gado ce, kuma ta ɗakuna biyu ta fito. Na farko gidajen gem na Amurka da Japan, inda ake jefa kwabo a akwati kafin a yi wasa. Donkey Kong na 1981, inda Mario ya fara bayyana, irin wannan akwati aka yi wa shi, kuma mai akwati ba ya cin riba in yaro ɗaya ya shafe awa guda a kan kwabo ɗaya. Dole a kashe shi da wuri. Na biyu ƙarancin wuri a cikin kaset. Wasan da gwani zai gama cikin rabin awa ana so ya kai wa yaro wata uku, to sai a tsananta shi, a ƙayyade rai, in ya ƙare a mayar da kai farko. Yadda uwargida take ƙara ruwa a miya in baƙi sun yi yawa, haka aka riƙa ƙara wuya.

Daga 1996, da Super Mario 64 ya nuna ana iya zagaya duniyar wasa ta kowace kusurwa, manyan kamfanoni suka juya wa tsohon salon baya. Wa zai sayi ɗan mutum mai gudu daga hagu zuwa dama alhali ga gari sukutum ana yawo a cikinsa? Ma'aikatan wasa ɗaya suka tashi daga mutum goma zuwa ɗaruruwa. Wasan tsalle-tsalle ya koma raɓe a ƙananan na'urorin hannu irin Game Boy, da shafuka irin Newgrounds, inda matasa ke ɗora wasannin Flash kyauta.

A wannan lokacin ne wani ɗan Japan mai suna Daisuke Amaya, wanda aka fi sani da Pixel, yake dawowa daga aikin ofis ya zauna gaban kwamfutarsa. Shekara biyar ya yi yana haɗa wani wasa. Shi ya rubuta manhajar, shi ya zana kowane hoto ɗigo-ɗigo, shi ya tsara labarin, kiɗan ma sai da ya ƙirƙiri manhajar da zai yi shi da ita. A Disambar 2004 ya ɗora wasan a intanet kyauta, da sunan Doukutsu Monogatari, wanda duniya ta sani da Cave Story bayan wasu masoyansa sun fassara shi zuwa Turanci a 2005. Labarin wani ɗan mutum-mutumi ne da ya farka a kogo bai san ko shi wane ne ba, ya tarar da wasu halittu masu kama da zomaye, Mimiga, wani likita yana zaluntarsu.

Na buga shi shekaru bayan fitowarsa, a wata tsohuwar kwamfutar ofis da ko bidiyo ba ta iya nunawa ba tare da sarƙewa ba. Abin da ya kama ni shi ne bindigar. In ka kashe abokan gaba suna zubar da wasu 'yan duwatsu masu kusurwa uku, in ka tsince su bindigarka ta ƙara ƙarfi har mataki na uku, in kuwa aka buge ka ƙarfin ya ragu. Wato kowane kuskure yana taɓa aljihunka nan take, amma gyaransa yana gabanka, taku biyu. Akwai wata bindiga mai sarrafa kanta da in ta kai ƙarshen ƙarfinta, ka harba ƙasa, sai ta ɗaga ka sama kamar an ɗaura maka roka. Ranar da na gano haka ni kaɗai na yi ta dariya a ofis. Babu wani kwamiti da zai zauna ya amince da irin wannan shiririta. Mutum ɗaya ne ya ga ta ba shi dariya, ya bar ta.

Amaya bai nemi kuɗi ba a lokacin. Waɗanda suka biyo bayansa sun nema, kuma nan rigimar ta fara.

Microsoft ta buɗe wata kasuwa a na'urarta ta Xbox 360 mai suna Xbox Live Arcade, inda ake sauke ƙananan wasanni ta intanet ba tare da faifai ba. Da farko ta ƙayyade kada wasa ya wuce megabayit 50, daga baya ta ɗaga zuwa 150. Wannan ƙa'ida ta yi wa masu aiki su kaɗai daɗi, domin a ɗan ƙaramin fili babban kamfani bai fi su da komai ba. A Agustan 2008 Jonathan Blow ya fitar da Braid a can, bayan ya kashe kimanin dala dubu 200 daga aljihunsa cikin shekara uku. A ido kamar Mario yake, har da gimbiyar da ake nema, amma in ka mutu maɓalli kawai za ka riƙe lokaci ya koma baya. Aka sa masa dala 15. Masu sharhi suka yaba, 'yan gem da yawa kuwa suka ce wasan awa biyar ko shida bai kai wannan kuɗi ba. Duk da haka ya sayar da kusan kwafi dubu 55 a makon farko.

Shekarar 2010 ita ce kakar wannan sana'a. A Janairu Terry Cavanagh, ɗan ƙasar Ayalan, ya fitar da VVVVVV. A Yuli kamfanin Playdead na birnin Kofanhegan ya fitar da Limbo, wasan baƙi da fari na wani yaro a daji da ƙaton gizo-gizo. A Oktoba Edmund McMillen da Tommy Refenes, mutum biyu rak, suka fitar da Super Meat Boy, wanda ya samo asali daga wani ɗan wasan Flash na 2008.

VVVVVV ya fi zama mini a rai, ko da yake a cikinsa ma ba a tsalle. Maɓalli ɗaya ne: ka danna, ƙasa ta koma sama, ɗan mutuminka ya faɗa rufi ya ci gaba da tafiya a kife. Akwai wani wuri da duk wanda ya buga ba ya mantawa. Ga wata kyauta tana ƙyalli a gabanka, abin da ya raba ku ɗan dutse ne da ko yaro mai rarrafe zai haura. Amma ba ka iya tsalle. Hanyar kawai ita ce ka kife, ka faɗa sama ta cikin ɗakuna jere masu cike da ƙaya, uku daga ciki an sa musu suna Veni, Vidi da Vici, ka taɓa wani ɗan dandamali da ke ruɓewa, ka sake kifewa, ka biyo ta cikin ƙayoyin nan ka sauka a ɗaya gefen dutsen. Duka tafiyar daƙiƙu kaɗan ce in ta yi kyau. Ni dare biyu na yi a kanta. Da na samu na sauka, hannuna rawa yake yi, kyautar kuwa ba ta ƙara mini komai ba sai lamba ɗaya.

Abin da ya sa mutum zai jure wannan shi ne abin da waɗannan mutane suka gano, wanda mai shagon bayan layinmu ba zai so ba. Sun riƙe wuyar, suka jefar da hukuncin. Babu rai uku. Babu komawa farko. Ka mutu, kafin ka ƙifta ido kana tsaye a bakin wurin da ka faɗi. A Super Meat Boy mataki ɗaya sau da yawa bai kai daƙiƙa 30 ba, kuma in ka ci shi, wasan yana nuna maka duk yunƙurinka a lokaci guda: 'yan tsokar nama barkatai sun taso tare, zarto yana ta yanke su ɗaya bayan ɗaya, har ɗaya tak ya isa. Sai ka ga kuskurenka ya zama abin kallo, kana dariyar kanka. Zuwa farkon 2012 wasan ya sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya, a shekarar da fim ɗin Indie Game: The Movie ya nuna wa duniya irin rashin barci da talaucin da aka yi shi a ciki.

Maganar farashi dai ba ta mutu ba. Limbo ma dala 15 aka sa masa, ana gama shi cikin awa uku ko huɗu, kuma da yawa daga cikin masu sharhin da suka yabe shi sun saka wannan ƙorafi a ƙarshe. VVVVVV ya fara da dala 15, da ya shiga kasuwar Steam ya sauko zuwa 5. Mutane sun saba auna wasa da mudu, awa nawa a dala nawa, kamar masu sayen gero. Ni ban yarda da wannan awo ba. Na buga manyan wasanni na awa sittin waɗanda rabinsu aike ne, je ka ɗauko wancan, koma ka kai wa wane, kuma yau ko sunan garuruwansu ba na tunawa. Amma ba na zagin mai ƙorafin. Wanda ya tara kuɗinsa da ƙyar, musamman mu da muke canza naira zuwa dala kafin mu saya, yana da hakkin ya tambayi abin da zai samu.

A Yunin 2015 Steam ta kawo dokar mayar da kuɗi: in ba ka wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba ka buga awa biyu ba, a dawo maka da kuɗinka. Doka ce mai kyau ga mai saye, sai dai ta buɗe wata ƙofa. Wasan da ake gamawa cikin minti casa'in ana iya cinye shi tas, a yaba, a kuma karɓi kuɗi. Sannan daga 2017 duk mai dala 100 yana iya ɗora wasansa a kasuwar, har ta kai ana zuba wasanni sama da dubu goma a shekara. Wasan tsalle shi ne abin da kusan kowane sabon hannu yake fara gwadawa, don haka ya yi yawa har ya zama abin tsokana. A bayan kowane suna da na ambata akwai ɗaruruwan wasanni masu kyau da ba su sami ko mai sharhi goma ba.

A 2015 ɗin nan ne kuma Maddy Thorson da Noel Berry, 'yan Kanada, suka zauna kwana huɗu suka yi wani ɗan wasan hawan dutse a PICO-8. Ita PICO-8 na'ura ce da babu ita a zahiri, manhaja ce da Joseph White ya ƙera da gangan da ƙuntatawa irin ta da: allo mai ɗigo 128 a tsaye da 128 a kwance, launi 16, kaset na kilobayit 32. Talaucin da ya tilasta wa su Miyamoto dabara, waɗannan da kuɗinsu suka saye shi. Wasan ɗakuna 30 ne, sunansa Celeste, kuma shi suka faɗaɗa ya fito a Janairun 2018, da labarin Madeline, yarinyar da ke hawan dutse tana fama da fargaba da baƙin ciki, da kiɗan Lena Raine. Ya ci kyautar gwarzon wasan masu zaman kansu a The Game Awards na shekarar.

Celeste yana da wuya ƙwarai, amma a ɓoye yana tare da kai. Thorson ta bayyana wasu dabarun daga baya. In ka wuce bakin dandamali da ɗan ƙiris sannan ka danna tsalle, wasan yana yi kamar bai gani ba, ya ba ka tsallen. In ka danna kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa, yana riƙe maka har ka sauka. In kanka ya bugi kusurwar dutse, yana ɗan gusar da kai gefe. Ga kuma wani tsari da zai ba ka damar rage saurin wasan ko hana mutuwa gaba ɗaya, ba tare da an ce maka rago ba. Wasu gwanaye sun yi gunaguni a kan wannan, su da ba wanda ya hana su buga nasu da wuya. Yana kuma ƙirga maka mutuwarka a kowane babi. Tawa ta haura dubu biyu kafin na kai ƙololuwa.

Kwanakin baya ɗan yayata, mai shekara goma, ya zo hutu, muka zauna a kan Celeste. Muna wani ɗaki a babin otal, inda wasu baƙaƙen abubuwa ke kai-komo a bango. Na yi tsalle, na faɗa musu, na miƙa masa hannun gem ɗin ba tare da na yi tunani ba. Ya buga ya mutu, ya sake, ya sake, ya kai sau goma sha bai ko dube ni ba. Da ya ba ni, na sake mutuwa a wuri ɗaya, na sake miƙa masa.

Ya ce, "Kawu, me ya sa kake ba ni da ka mutu sau ɗaya? Ai ba ya ƙarewa."

Na ce masa a shagonmu ma sau uku ne. Ya tambaye ni wane shago, idonsa na kan allo, Madeline ta riga ta tsallake ɗakin.