Makomar talabijin na biyan kuɗi a zamanin kallo ta intanet

A watan Yunin shekara ta 2025, kamfanin MultiChoice mai tashoshin DStv da GOtv ya bayyana a rahotonsa na shekara cewa ya yi asarar masu biyan kuɗin kallo kimanin miliyan 1.4 a Najeriya cikin shekaru biyu, wato daga Maris na 2023 zuwa Maris na 2025.

A cikin wannan watan ne kuma kamfanin Nielsen, wanda ke auna yawan masu kallo a Amurka, ya sanar da cewa a karon farko kallo ta intanet ya zarce na kebul da na tashoshin eriya idan an haɗa su wuri guda. A watan Mayun shekarar, intanet ce ta kwashe kashi 44.8 cikin 100 na lokacin da Amurkawa suka shafe a gaban talabijin, yayin da sauran biyun suka tashi da kashi 44.2.

Alƙaluman biyu sun yi kama da juna, amma dalilansu sun sha bamban. Ba'amurke yana barin kebul ne saboda ya samu intanet mai ƙarfi a cikin gidansa. Shi kuwa magidanci a Daura ko Kano, tsadar rayuwa ce ta fi raba shi da biyan kuɗin wata, kuma sau da yawa wani talabijin ɗin yake komawa, wanda ba a biya.

Asalin talabijin na kebul

An fara talabijin na kebul ne a Amurka a shekara ta 1948, a garuruwan da duwatsu ke tare musu hotunan tashoshin manyan birane. Akan kafa doguwar eriya a bisa tsauni, sannan a ja waya daga can zuwa gidaje, kowane gida yana biyan kuɗi duk wata.

Daga baya tsarin ya samu tashoshi nasa na kansa, kamar HBO a 1972, da ESPN ta wasanni a 1979, da CNN a 1980. Zuwa wajejen shekara ta 2010, gidaje kimanin miliyan 100 ne ke biyan kuɗin kallo a ƙasar, wasu ta waya, wasu ta tauraron ɗan'adam.

Cinikin ya ginu ne a kan sayar da tashoshi a ƙunshi guda. Mai son labarai kaɗai sai ya biya har da kuɗin wasanni, kuma kuɗin na ƙaruwa kusan kowace shekara.

Bayyanar YouTube a 2005, da fara nuna fina-finai ta intanet da Netflix ya yi a 2007, su suka buɗe wa jama'a wata ƙofa: mutum ya kalli abin da yake so, a lokacin da yake so. Miliyoyin gidaje suka daina biyan kamfanonin kebul, lamarin da Amurkawa suka laƙaba wa suna yanke waya. A ƙarshen 2024 masu biyan Netflix a duniya sun haura miliyan 300.

Yadda abin yake a arewacin Najeriya

A Najeriya ba a taɓa shimfiɗa irin wannan waya gida-gida a faɗin ƙasa ba, saboda haka babu wata wayar da za a yanke.

Talabijin ya fara ne a Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962 ƙarƙashin gwamnatin Jihar Arewa. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA, kana daga baya jihohi suka buɗe nasu, kamar CTV ta Kano wadda a yanzu ake kira ARTV. Dukkansu da eriya ake kama su, kuma hotonsu na raunana da zarar an yi nisa da birni.

Dokar soja mai lamba 38 ta shekarar 1992, wadda ta kafa hukumar NBC, ita ta ba 'yan kasuwa damar shiga harkar. Abin da aka riƙa kira kebul a wancan lokaci, irin na kamfanin ABG da ke Kaduna, ta iska yake isa gidaje, a kama shi da ƙaramar eriya da dikoda.

MultiChoice na Afirka ta Kudu ya shigo ƙasar a 1993, ya ƙaddamar da DStv a 1995. StarTimes na China ya biyo baya a 2010 da haɗin gwiwar NTA, yana mai karya farashi, abin da MultiChoice ya mayar wa martani da GOtv a 2011. Kamfanin HiTV na 'yan ƙasa, wanda ya fara a 2007 har ya sayi izinin nuna gasar Firimiya ta Ingila, ya durƙushe a 2011.

Ga garuruwan da ke nesa da manyan birane, irin su Babban Mutum da ke ƙaramar hukumar Baure a masarautar Daura, dab da iyaka da Jamhuriyar Nijar, farantin tauraron ɗan'adam da aka fi sani da dish shi ne ya kawar da matsalar nisa. Tauraron yana can sama da tazarar kilomita kusan dubu 36, kuma hoton da yake saukarwa a Legas shi ne yake saukarwa a bakin iyaka.

Tsadar kuɗin wata

A farkon shekarar 2023, tsarin DStv mafi tsada yana kan Naira 21,000 a wata. Ya koma 24,500 a watan Mayun shekarar, ya zama 29,500 a Nuwamba, sai 37,000 a Mayun 2024, sannan 44,500 a Maris na 2025. Wannan ya kusa kai kashi biyu cikin uku na mafi ƙarancin albashi na Naira dubu 70 da aka amince da shi a 2024.

Kamfanin ya danganta ƙarin da faɗuwar darajar Naira da hauhawar farashi, kasancewar da kuɗin waje ake sayen izinin nuna wasanni da hayar tauraro. Dalar da ake canzarwa a kan Naira 460 da 'yan kai a hukumance a watan Mayun 2023 ta haura Naira 1,500 a 2024.

A ɗaya hannun kuma, janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023 ya sa tayar da janareta domin kallo kawai ya gagari gidaje da dama.

Rashin wutar lantarki na daga cikin abubuwan da suka fi ci wa masu biya tuwo a ƙwarya, domin kwanakin wata na tafiya ko an kalla ko ba a kalla ba. A watan Oktoban 2024, alal misali, yawancin jihohin arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan wuta. 'Yan majalisar dokokin ƙasar sun sha kiran a koma biyan iya abin da mutum ya kalla, kuma StarTimes ya ɓullo da biya na kwana ɗaya ko na mako.

Dish na kyauta

Babban abokin hamayyar talabijin na biya a ƙasar Hausa shi ne dish na kyauta. Sau ɗaya ake sayen faranti da risiba, mai gyara ya saita, daga nan babu sauran biya.

Ta wannan hanya ce gidaje ke kama tashoshin Saudiyya masu nuna Masallacin Harami da na Madina kai tsaye, da tashoshin wa'azi irin su Sunnah TV da Manara TV, waɗanda kallonsu ke ƙaruwa a lokacin tafsirin watan Ramadan.

Tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014 da tallafin gwamnatin Amurka a farkonta, ta tabbatar da cewa tashar Hausa zalla na iya tara ɗimbin masu kallo ba tare da karɓar kuɗin wata ba. Shirye-shiryenta irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in sun shiga gidaje a Najeriya da Nijar, kuma da tallace-tallace take samun kuɗin shiga.

Ita ma gwamnati tana da nata shirin na komawa tsarin dijital, wanda ya kamata a kammala a watan Yunin 2015 bisa yarjejeniyar Geneva ta 2006. An fara gwajinsa a Jos a 2016, ya isa Kano a 2021, bayan wa'adin ya wuce da shekaru.

Wayar hannu da fina-finan Hausa

Inda intanet ta yi tasiri na haƙiƙa a arewa shi ne wayar hannu, kuma masana'antar Kannywood ce shaida.

Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, kasuwar ta dogara ne a kan kaset, daga baya faifan CD. Satar fasaha da masu tura fina-finai a waya suka kassara wannan ciniki, tashoshi irin su Africa Magic Hausa, wadda aka buɗe a 2010, suka zama masu sayen fina-finan.

Daga shekara ta 2020 ne akalar ta juya zuwa fina-finai masu dogon zango. Izzar So na Lawan Ahmad a YouTube ya yi suna, yayin da Labarina na Aminu Saira ya haɗa hanya biyu, wato Arewa24 da YouTube.

Dandalin da ake biya kuwa ba su samu irin wannan karɓuwa ba. Netflix ya iso Najeriya a watan Janairun 2016, amma abin da yake da shi na Hausa kaɗan ne. An kafa na gida irin su Northflix da Kallo.ng, sai dai mai kallo da ya riga ya sayi data ba kasafai yake son sake biyan kuɗin fim ba. A watan Janairun 2024 kamfanin Amazon ya janye daga ɗaukar nauyin sababbin fina-finai a Afirka.

Abin da ke taka wa intanet birki

Na farko shi ne kuɗin data. Bisa ƙiyasin Netflix, kallon sa'a ɗaya na iya cin gigabait ɗaya a hoto matsakaici, ko har uku a hoto mai kyau sosai. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100.

Na biyu shi ne ƙarfin sabis, wanda ke raguwa a karkara. Shi ya sa masu shagunan tura fina-finai ke ci gaba da cin kasuwa: mutum ɗaya ya sauke, ya tura wa mutane da yawa a memori kan kuɗi kaɗan.

Na uku kuma shi ne tsaro. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga. Matakin bai shafi masarautar Daura ba, amma ya nuna bambancin hanyoyin biyu: inda waya ta mutu, rediyo da dish sun ci gaba da kawo labarai.

Ƙwallon ƙafa da gidajen kallo

Abin da ya fi riƙe talabijin na biya a duk duniya shi ne wasanni, domin kai tsaye ake son ganinsu. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara masu amfani da Ingilishi, tashoshin SuperSport na MultiChoice ne suka daɗe da riƙe izinin nuna gasar Firimiya.

A arewa, gidan kallo ne ya raba nauyin wannan tsada. Mutum ɗaya ke biyan kuɗin wata, ya tanadi janareta ko sola da bencina, matasa kuma su biya kuɗin shiga na wasa ɗaya. Ke nan dikoda guda na iya wadatar da unguwa, kuma yawan masu biya ba ya nuna yawan masu kallo.

Sai dai wannan katanga ma ta fara tsagewa. Amazon ya nuna wasu wasannin Firimiya a Birtaniya ta intanet a 2019, kuma a Najeriya matasa da dama na kallon ƙwallo a waya ta shafukan da ba su da izini.

Ina aka dosa?

A watan Satumban 2025 kamfanin Canal+ na Faransa, wanda dama shi ne ke kan gaba a Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya karɓe ragamar MultiChoice. Hakan na nufin kamfani ɗaya ne ke da babban kaso na talabijin na biya a tsallaken iyaka ta Magarya da kuma ɓangaren Daura.

Alamu na nuna cewa hanyoyin uku za su daɗe suna tafiya tare: dish na kyauta a falo domin iyali, dikodar biya a gidajen kallo da otel-otel da gidajen masu hali, wayar hannu kuma a hannun matasa.

Sauyin na tattare da tambayoyi biyu. Ta farko ita ce wa zai biya kuɗin shirya shirye-shiryen Hausa masu inganci, tun da kuɗin talla da YouTube ke bayarwa a kan mai kallo daga Najeriya bai kai na mai kallo daga Turai ko Amurka ba.

Ta biyu ta shafi tarbiyya. Talabijin ɗin falo kowa na ganin abin da ake kallo, saɓanin waya da ke hannun yaro shi kaɗai. Hukumar tace fina-finai ta jihar Kano, wadda aka kafa a 2001 a zamanin kaset, ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango a watan Mayun 2025 bisa zargin sakinsu ba tare da an tace ba, amma ikonta bai kai ga abin da ake ɗorawa daga wajen jihar ba.

A garuruwa irin su Babban Mutum, abubuwan da za su yanke hukunci a kan makomar talabijin su ne farashin data, da samuwar wutar lantarki, da kuma abin da ya rage a aljihun magidanci bayan ya yi cefane.